Wa Zai Canji Malam Mukhtaru?

Utaibiyya, Makka
Litinin

Zuwa ga autata Raihana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Abdulganiyyu, zazzaɓin ya sauka? Rubutawa na yi zan turo miki hoton takardar, don in na kira kuka ne zai hana ki jin komai.

Raihana, babanku ya ɓata. Ranar Juma'a muna fitowa daga Harami na sunkuya sa takalmi, na ɗago babu shi. Fasfonsa na hannun ejan, maganin sugansa na jakata, abin hannun nan mai sunan masauki kuwa tun a jirgi ya tsinke shi, wai shi ba kaya ba ne. Malam Mukhtarun da ya yi shekaru yana magana da yawun ƙaramar hukuma, 'yan jarida na layi a ƙofarsa, yau ko sunan garinsu aka tambaye shi sai murmushi. Kun ce kada in zo da shi Umara a wannan hali na mantuwa, na yi kunnen ƙashi.

Na je ofishin ɓatattu, na je asibitoci, na je wurin 'yan sanda. Har inda ake ajiye gawa aka kai ni, aka riƙa buɗe min fuskokin mazan mutane. Ba ya ciki, na rasa ko murna zan yi.

Ina ta tuna lokacin da yake sojan ruwa na ko-ta-kwana, in ya dawo daga atisaye a Legas ya mai da gidanmu jirgi. Ko tukunya kika ɗora ba ki isa ki tashi ba sai wata ta zo ta ce ta karɓi aiki. Haka ya riƙa yi wa malamai masu tsaron ƙofa da ya zama shugaban makaranta. Shi da ya hana kowa barin wurinsa, yaya ya bar gefena?

Jirginmu Lahadi ne, kuma ejan ya ce biza ba ta san uzuri ba. Da wane ido zan sauka Kano ni kaɗai? Ki sa a yi mana addu'a. Kada ki gaya wa Goggonku tukuna, hawan jininta.

Mahaifiyarki,
Rabi'atu


Utaibiyya, Makka
Alhamis

Raihana,

Ina gaishe ki, ina gaida yaran. An ga babanku, da ransa.

Jiya na shiga Mansur, unguwar da 'yan ƙasarmu suka fi yawa, ina nuna hotonsa shago-shago. Wata Bakanuwa mai sayar da abinci, Kabira, ta daɗe tana kallona kafin ta ja ni bayan labule. Ashe yana wurinsu. Sun tsinci tsoho Bahaushe ba takarda ko ɗaya a jikinsa, suka ɗauka irinsu ne da suka zauna bayan aikin Hajji ba izini. Sai suka yi masa abin da suke yi wa juna. Duk sanda motar 'yan sanda ta shigo, su kare shi da jikinsu, a tambaye su su ce ba su ga kowa ba. Ni ina can ina roƙon hukuma ta nemo shi, su suna nan suna ɓoye mata shi don Allah. Na rasa bakin faɗa, na rasa na godiya.

Kabira ta ce, "Wallah ya Hajiya, shayib ɗin nan, tsohon naki, ya ƙi barin bakin madarasa. Mun yi, mun yi, ya ce mamnu', wai doka ta hana."

Wata 'yar makarantar unguwa ce. Ya ga yara na shiga ba mai kula da ƙofa, ya kama aiki. Yana jera su, yana korar masu babur, in an tashi ya zauna nan a dakali. Abinci sai dai a kai masa. Na same shi tsaye cikin ranar nan ta Makka, leɓɓansa sun tsage, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na kira sunansa, na kama rigarsa, na yi kuka a gaban jama'a. Ya ce in yi haƙuri, iyaye ba sa shiga sai an tashi. Maza biyu suka gwada ɗaukarsa, ya riƙe ƙarfen ƙofar har hannunsa ya yi jini, na ce su bari.

Sai na share hawayena, na gyara mayafi, na tsaya a gabansa ƙiƙam. Ni Rabi, da tsufana, na sara masa irin yadda kuke yi kuna dariya kuna yara. Na ce na zo canjinsa, na karɓi aiki.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya saki ƙarfen.

"Madalla," ya ce. "Yara sun cika, ba wanda ya ɓata. Bari in yi sauri, Rabi na gida tana jirana."

Na ce ya zo in raka shi, na san gidan.

Yanzu yana asibiti ana ƙara masa ruwa, likita ya ce sai gobe za a san ko zai iya hawa jirgi. Har yanzu yana tambayata ko an aika wa Rabi. Na ce masa ga shi ina rubuta mata.

Ki gaida kowa, ki ci gaba da addu'a.

Taki,
Rabi'atu