Kod ɗin da na bayar, da sunan da kuka ɓata mini

Zuwa ga Mai girma Darekta na kilinik ɗin da na yi wa aiki a Tasawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce Hadiza, tsohuwar sakatariyarku mai rubuta sunayen marasa lafiya. Sau uku ina zuwa biro ɗinku, wato ofis, mai gadi yana maido ni, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, ga abin da ya faru. Ranar kasuwa ce, layi har bakin ƙofa, wani ya kira salulata da Faransanci mai kyau. Ya ambaci sunanka, ya ce daga Maradi yake, wajen masu gyara mana odinatar, wato kwamfuta, kuma in ban karanto mishi lambobin da suka shigo salulata ba, injin zai kulle da takardun mutane duka. Na karanto. Wannan laifina ne, ban taɓa musu ba.

Na biyu, ranka ya daɗe, wa ya taɓa gaya mana ana irin wannan kira? Tun da aka kawo odinatar ba a zaunar da mu ko sau ɗaya ba. Kod ɗinmu na shiga injin, wato lambobin sirri, guda ne, mu duka, an rubuta a takarda an manna ƙarƙashin tebur, kuma da lambar salulata kuka buɗe shi don ni ce kullum a wurin.

Na uku shi ya fi ci mini rai. Ashe ɓarayi ne suka kira ni, da lambobin nan suka kwashe takardun marasa lafiya. Sun turo maka barazana, ka yi shiru, ba ka gargaɗi kowa ba, har sakamakon gwajin mutane ya fara yawo a wayoyi daga Tasawa zuwa Mayahi. Cikinsu akwai Inna Rabi, mai fura daga Issawane, wadda ke karɓar maganin tarin fuka a ɓoye kuma ta fara samun sauƙi. Mutane suka daina shan furarta. Ta zo ta tsaya gaban teburina, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ɗiyata, ke na gaya wa ciwona." Daga ranar ba ta sake zuwa karɓar magani ba. Ta rasu kafin a yanke hatsi. Na je gaisuwa, na kasa shiga gidan.

Na huɗu, takardar korata ta ce na sayar da sirrin marasa lafiya. Ka san ban sayar ba. Yanzu ko a gidan suna, in na zauna sai a sauya zance.

Ga roƙona. Ku gyara takardar nan, ku rubuta cewa yaudarata aka yi. Ku je Issawane da ƙafarku ku ba ɗiyan Inna Rabi haƙuri, haka ma sauran waɗanda sunansu ya fita. Ku ba kowane ma'aikaci kod ɗinsa, ku koya musu cewa mai gyara na gaskiya ba ya tambayar lambobin sirri ta waya. An ce mini wadda ta gaje ni tana aiki da tsohon kod ɗin har yau.

Aikin kam ba na nemansa, hannuna ba zai ƙara taɓa injin nan ba.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare ka daga ɗaukar alhakin da ba ka iya saukewa. Allah ya jiƙan Inna Rabi, ya yafe mini rabona a ciki.

Wassalam.

Hadiza, daga Tasawa