Kuraje Sun Fito Mini Ina Cikin Takaba

Anti Safiya, don Allah ki taimake ni da shawara, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana a garin nan. Ki sakaya sunana. Daga Anka nake rubuto miki, shekaruna ashirin da shida, yau kwana hamsin da biyu da rasuwar maigidana.

Ɗan kabu-kabu ne. Ya kai fasinja Gummi, a hanyar dawowa mota ta buge shi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar ni da ɗiya guda mai shekara huɗu. A gidansu nake takaba, ɗakina na kallon ɗakin mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna tun ranar da aka kawo ni. Shi kaɗai ne ɗanta namiji. Shekara shida muna zaune da ita ko murya ba ta taɓa ɗaga mini ba.

Kamar mako uku da rasuwar sai kuraje suka feso mini a haɓa da gefen muƙamuƙi, manya masu zafi, irin waɗanda ba su yin baki. Ni da ko a 'yanmatancina ban san su ba. Ranar sadakar arba'in, gida cike da mata, ƙanwar Inna da ta zo daga Bukkuyum ta ƙura mini ido ta ce wai kurajen sha'awa ne, mace ba ta yin su sai jikinta na neman namiji, wai ƙasar kabari ba ta bushe ba har na ƙosa. Da dariya ta faɗa, wasu suka taya ta. Inna ba ta yi dariya ba.

Tun daga ranar ba ta ƙara kallon fuskata ba. In na kai mata tuwo sai ta ce in ajiye, daga baya in zo in ɗauke shi yadda na ajiye. Ta mai da ɗiyata kwana ɗakinta. Shekaranjiya na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa ranar da na fita takaba in je in yi aurena, amma yarinya tana nan, ba za a kai mata jika gidan wani ƙato ba. Anti, wallahi babu namijin da ke raina. Har yau in na ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai na miƙe tsaye kafin in tuna.

Ba abin da ban gwada ba. Na goga lemon tsami, na goga toka, na matse su har jini, fuskar ta ƙara baƙi da tabo. Maƙwabciya ta ba ni man shanu ina shafawa don raɗaɗi. A gidanmu mai takaba ba ta wanka da sabulu sai Juma'a, kuma hijabi guda ne a jikina kullum. Ina tsoron neman magani a ce kwalliya nake yi.

Akwai abin da Inna ba ta sani ba. Na sha wuya a haihuwar fari, na zubar da jini har aka fid da rai da ni. Maigidana da kansa ya kai ni wurin Sista Cecilia, ma'aikaciyar lafiya a asibitinmu, ta ɗora ni kan ƙwayar tazarar haihuwa. Mun ɓoye wa Inna. Ita kuwa baiwar Allah tana ta jiƙa mini saiwoyi, tana zaton haihuwar ce ta tsaya, ni ina karɓa ina zubarwa bayan ɗaki. Wata guda kafin ya rasu ya ce ya isa haka, mu yi wa yarinya ƙane, na daina sha. Tun lokacin ban ga al'adata ba, na ɗauka baƙin ciki ne. Wani lokaci ina ganin kurajen nan alhakin tsohuwar ne ya fito mini a fuska. Da ban sha ƙwayar ba, da yanzu ɗanta ya bar mata jikoki biyu ko uku.

Me ke damuna, Anti? Yaya zan yi kada in rasa miji in kuma rasa ɗiyata?

Mai Takaba, daga Anka

*

Ƙanwata, Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya ba ki haƙuri.

Ki fara cire wannan daga ranki: babu wani abu wai shi kurajen sha'awa, kuma ba alhaki ba ne. Ƙwayar da kika sha don tsira da ranki kika sha ta, da yardar mijinki. A jikin kowace mace akwai sinadarai da likitoci ke kira homon, su ke juya al'ada da ciki, su ne kuma ke sa fata ta fid da maiƙo. In maiƙon ya yi yawa sai ya toshe ƙofofin fata, kuraje su taso, galibi a haɓa da muƙamuƙi kamar naki. Yawancin ƙwayoyin tazara suna danne wannan maiƙo, shi ya sa in an daina sha yakan dawo da ƙarfi na wasu watanni. Baƙin ciki da rashin barci suna ƙara rura shi. Ciki ma yana kawo su.

Saboda haka kafin komai ki koma wurin Sista Cecilia a yi miki gwajin ciki. Ban ce kina da shi ba, kada ki ɗora rai, jinkirin al'ada bayan barin ƙwaya abu ne da aka saba gani. Amma dole a sani, don wasu magungunan kuraje suna cutar da ɗan tayi, kuma lissafin takabar mai ciki daban yake. Kada ki sayi komai a kemis da kanki, balle man bilicin.

Lemon tsami da toka da matsa, ki bar su daga yau, su ke ƙona ki suna barin tabo. Man shanu ma ƙara toshewa yake. Ki wanke fuska safe da yamma da sabulu marar ƙamshi, a hankali, ba dirzawa. Ki sami hijabi na biyu kina canjawa, ki riƙa wanke rigar matashi. In aka ba ki maganin shafawa ki yi masa haƙurin wata biyu, ba ya aiki a mako guda. Abin da na sani, ado da turare aka hana mai takaba, ba tsafta da neman magani ba. Ki sa a tambayo malamin da Inna ta yarda da shi, don ta ji daga bakin da ba naki ba.

Maganar yarinya kuwa, uwa tana da haƙƙinta, kuma in ta kai ga haka akwai manya da malamai. Amma kada ki fara daga nan. An zalunce ki da wannan magana, ban musa ba. Sai dai matar da ta shekara shida ba ta ɗaga miki murya ba, ba a rana guda ta zama muguwa ba. Ɗanta guda ta binne, aka zo aka ce mata har an manta da shi, shi ne ta rungume abin da ya rage mata.

Ki shiga ɗakinta ku biyu kawai, ki roƙe ta ta raka ki asibiti, ta ji bayanin da kunnenta. Kafin ku fita ki gaya mata gaskiyar ƙwayar da bakinki, ki nemi gafarar saiwoyin da kika zubar. Za ta ji zafi, ƙila ta yi kwanaki ba ta kula ki ba. Amma kada ki tsaya a rabin labarin. Ki gaya mata cewa ɗanta ne ya ce a daina, kuma ya bar duniya yana shirin ƙara mata jika. Wannan labarin nata ne, ke kaɗai kika rage da za ki iya ba ta shi.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sanyaya zukatanku ke da Inna, Ya raya muku yarinyar a tsakaninku.

Anti Safiya