Muryata Ta Sauka, Shugaban Makaɗa Bai Sani Ba

Sis Dikeledi, ki taimake ni. Kwanan nan ko pap, tuwon masararmu, na zuba sai ya sandare a faranti ban taɓa ba. Kuma don Allah kada ki buga sunana, rabin Joburg sun taka rawa a gabana.

Ni mawaƙiya ce. Na fara daga layin baya a wasannin kwaikwayo masu waƙa da rawa, inda ake ɗaga ƙafa ana murmushi ba wanda ya san sunan wani. Daga nan Bra Fezile ya tsamo ni ya tsayar a gaban ƙungiyarsa: masu busa sahu-sahu, ga mai ganga, ga mai fiyano. Shi ya zauna da fensir ya rubuta wa kowane mabushi takardarsa, ya yanka kiɗan daidai muryata kamar tela. Tun ina da ƙugu ake wannan magana.

To Sis, rigar ta matse. Muryata ta sauka. Waƙar da muke rufe taro da ita tana da wani wuri can sama, inda a da nake hawa in miƙe ƙafa har mai ganga ya gaji. Yanzu ina dosarsa sai maƙogwaro ya ce ba da shi ba. Ni kuwa 'yar mai tumatir ce a tashar tasi, na san yadda ake kifa ruɓaɓɓen gefe ƙasa. Sai in miƙa wa jama'a makirufo, in dafa kunne, su hau wurin a madadina. Daɗi suke ji, har ana cewa ba ni da rowar waƙa. Tebogo mai ƙaho ne kawai ke tsokanata, wai a ɗinka wa 'yan kallo rigar ƙungiya tunda su ke aikin.

Yanzu wani gidan rediyo zai naɗe mu wata mai zuwa, a ɗaki rufe, ba ɗan kallo ko ɗaya. Wa zan miƙa wa, bango? In na gaya wa Bra Fezile, sai an sake rubuta takardun nan kaf, shi kuma da tabarau biyu yake karatu yanzu. Ko ya ɗauko yarinya kawai, ga su nan birjik a coci-coci, murya kamar ta kanari. Ana cikin haka wani gidan wasa a Cape Town ya neme ni in fito uwar amarya: waƙa biyu, duk a ƙasa, rabin wasan a kujera. Ni da ake wa kallon amaryar! Zuciyata na cewa in karɓa, in ce masa iskar teku nake sha'awa, in tafi sunana bai zube ba. Da safe in haɗa jaka, da yamma in kwance. Yaya zan yi?

Mai Miƙa Makirufo, Soweto

*

'Yar'uwa, mutumin da ke tsayar da kiɗa don ƙaho ɗaya ya karkace a sahun baya, shi kike zaton bai ji ba? Ya riga Tebogo sani. Shiru ya yi, ko don kunyarki, ko don tsoron in ya taɓo maganar ki yi fushi ki tafi. Abu ɗaya kuke ɓoye wa juna.

Fara da likitan maƙogwaro. In ciwo ne a yi magani, in shekaru ne ki yi musu maraba. Sannan ki sami Bra Fezile a gidansa, ba a gaban yaransa ba, ki rera masa waƙar a inda muryarki take zaune yanzu. Batun takardu bai kai yadda kike ɗauka ba: ɗaliban kiɗa suna sauko da sautinsu ƙasa da kwamfuta, shi nasa ya duba da kunne. Masu busan ma ba yara ba ne, leɓunansu za su sa miki albarka.

Ba zan yaudare ki ba, yana iya ɗauko yarinyar. Ƙungiyarsa ce. In haka ta faru, uwar amarya ba abin raini ba ce. Amare ake canzawa kowace shekara, uwaye ba sa rasa aiki. Ki roƙi mutanen Cape Town su ɗan jira ki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙaryar iskar teku. Makaɗa da 'yan wasan garin nan tasi ɗaya suke hawa, kafin ki sauka kowa ya san abin da ya kore ki, kuma tsohon zai ji a bakin wasu.

Ki je masa a makon nan, tun da sauran lokacin gyara. Ranar da za a sa waƙar a rediyo, ko ke kika rera ko wata, ina so ki iya saurare har ƙarshe ba ki rage sauti ba. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya bar miki muryarki.

Sis Dikeledi