Ɗan Wanzami a Ɗakin Wankin Gyambo

Dogon Dutsi, 3 ga Yuli 1963

Zuwa ga Baba Sallau Wanzami, Kore Mairuwa.

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fata kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ruwa?

Baba, ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Wata biyu ke nan da na fara koyon aikin jinya a gidan likita, kuma sau uku ina suma. Karatun bai gagare ni ba, sunayen magunguna duk na haddace su da Faransanci. Abin da ya gagare ni shi ne abin da ke fita daga jikin ɗan Adam: jini, mugunya, amai, fitsari a tasa. Shekaranjiya aka kawo wata tsohuwa da gyambo a ƙafa. Ina kwance tsumman da ta ɗaure shi da shi, wari ya buge ni. Na riƙe numfashi, na ƙura wa gyambon ido don kada a ce na ji tsoro. Ban farka ba sai a ƙasa, tsohuwar tana yi mini fifita da mayafinta tana cewa, "Sannu likita, sannu."

Babbanmu, Manjo Abdu, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in watan nan ya ƙare ban wanke gyambo ɗaya ni kaɗai a tsaye ba, zai ba wani gurbina. Tuwo ma ba ya shiga, da na ga miya mai yauƙi sai in tashi.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ɗan Mani Wanzami ne, yayanka, wanda ya shekara talatin yana zuƙar ƙaho da bakinsa yana raha. Gara da ya rasu bai ga wannan abin kunya ba. Ka fara shirya Inna a hankali, ina ganin gona zan dawo.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Jibo

*

Kore Mairuwa, ranar kasuwa

Zuwa ga ɗana Jibo.

Muna gaishe ka. Malam Inusa na lakwal, makarantar boko, ke rubuta mini wannan, kuma na sa ya rantse ba zai kai ta ko'ina ba. Ruwa ya sauka, hatsi ya kai gwiwa. Innarka ban gaya mata komai ba, ba kuma zan gaya mata ba.

Kai yaro, wa ya ce maka ubanka ba ya ƙyamar jini? Ranar da babanmu ya fara miƙa masa ƙaho, ya zuƙa, ya cire, ya ga gudan jini, sai ya kife a bayan mutumin. Kakarka ta ce aljana doguwa ce ta hana shi gadon sana'ar gida, aka yanka mata akuya. Muka ci naman, Mani ya ci gaba da faɗuwa. Shekara guda ni ƙanensa nake yi masa ƙaho a ɓoye, shi sai aski.

Maganin ya zo ta inda ba a zata ba. Wata rana ba na nan, wani mutumin Dumega ya zo ƙaho, yana ba da labarin rigimarsa da surukinsa kan jaki. Ubanka kuwa akwai son jin ƙwaƙwaf. Ya yi ta tambaya, sai me ya ce, sai me ka ce, har ya duba ya ga ya gama aiki, ya wanke ƙahonin, yana tsaye da ƙafafunsa. Daga ranar nan bai sake taɓa jikin mutum bakinsa a rufe ba. Mutane suka ce Mani surutu gare shi. Ni kaɗai na san numfashi yake yi. Kuma ka tuna duk ya gama aiki sai ya zagaya bayan rumbu? Ba fitsari ke kai shi ba.

To ka ji. Ka bar riƙe numfashi, shi ke kayar da kai. Ka bar hararar gyambo kamar ya ci maka mutunci. Duba inda hannunka zai sauka, sannan ka dubi fuskar mai shi, ka yi masa tambayar da amsarta ke da tsawo. Ka ci abinci kafin ka shiga. Ƙyamar ba lalle ta tafi ba, ta ubanka har kabari ta raka shi.

Gonarmu ba ta rasa masu noma ba. Allah ya yi maka albarka.
Babanka, Sallau

*

Dogon Dutsi, 29 ga Yuli 1963

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Wasiƙarka sau huɗu na karanta ta, na yi dariya, daga baya na yi kuka.

Jiya aka kawo wani makiyayi, Idi, daga wajen Ɗan Kassari, cinyarsa ta kumbura kamar tulu. Manjo ya tsaga, ya miƙo mini auduga da tasa, ya koma bakin ƙofa ya harɗe hannuwa. Abin da ya ɓullo, Baba, ba zan sa shi a takarda ba.

Na tuna da kai, na dubi fuskar Idi na ce, "Wace saniya ka fi so cikin garkenka?" Ya ce, "Duka." Na tambayi iyali, ya ce lafiya. Ka san makiyayan nan, ko ana yanka su ba sa nuna zafi, balle su yi hira. Ɗakin ya fara juyawa, kunnuwana suka toshe. Sai na ji bakina ya ce, "An ce dai shanun Tibiri sun fi naku nono."

Mutumin nan ya ɗago a fusace. "Wa ya hwaɗi haka? Wanda bai taɓa tatsa ba!" Ya shiga lissafo mini shanunsa, wannan ɗiyar wance ce, uwarta ta cika ƙwarya biyu da rani. Ina musu, ina matsewa, ina wankewa. Muna kan kakar wata jar saniya na ɗaure wurin da ƙyalle.

Na fita a hankali, na zagaya bayan ɗaki, na amayar da duk furar da na sha. Ina ɗagowa sai ga Manjo da buta. Na ce shi ke nan, ta ƙare mini. Ya ce, "Ka gama kahin ka zubo?" Na ce na gama. Ya miƙo mini butar ya ce, "To, gobe ƙarhe bakwai."

Yau na wanke uku. Har yanzu ƙyamar na nan, amma ina tsaye. Da rana na ci tuwo da miyar kuɓewa, har na nemi ƙari. Ka gai da Inna, yanzu kana iya gaya mata duk abin da ka ga dama.

Ɗanka, Jibo

*

Kore Mairuwa

Jibo,

Alhamdu lillahi. Mun gaishe ka.

Akwai wani maruru da ya fito mini a tsakiyar baya tun farkon damina, inda hannuna ba ya kaiwa, kuma ba zan ba wanzaman garin nan bayana su yi ta labari ba. Ranar Litinin ina tafe wurinka. Ka tanadi tambayoyi masu tsawo, don shekara arba'in ina tsaga mutane, amma ko hango allura na yi sai in fara neman ƙofa.

Sai na iso.
Babanka, Sallau