Baba a Tabarma, Waya a Kujera

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina fatan kana lafiya da iyali. Yaya aiki, yaya zaman kullen korona a Ingila? Mu nan Kazaure sai godiya.

Tun da aka rufe kasuwa, Baba ya shiga ajin Turanci ta waya, shi da yake cewa waya ba allo ba ce. Yakan ɗora ta kan kujera, ya zauna a tabarma, wai ɗalibi ba ya zama sama da malaminsa. Jiya na tsokane shi, ina amfanin Turanci da furfura? Ya ce, "So nake in yi hira da jikata Ummi ba tafinta."

Ka sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ku. In mun kira ranar Juma'a, ka miƙa wa Ummi wayar, kai ka yi shiru.

Ƙanwarka,
Binta