Magen ba ta ci ita kaɗai

Auta,

Na leƙa na tarar kana barci, ban so in tashe ka ba. Na tafi asibiti, likita ya ce aikin idon sai na kwana.

Magen tana ƙarƙashin gadona tun da ta ga na ɗauki jaka. Abincinta yana kan tebur a rufe. Kada ka tura mata ka shige ɗaki da wayarka, wallahi ko kallonsa ba za ta yi ba. Jawo kujerata ka zauna kusa da ita, ka riƙa yi mata hira ko shirme ne, har ta cinye.

Ni na saba ci ni kaɗai. Ita baiwar Allah har yanzu ba ta iya ba.

Mamanka