Rahila Ta Karɓe Mini Waƙa

Yaya Ladi,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinki, ya Kaka da yara? Mu a Doha lafiya lau.

Ƙungiyarmu ta kiɗan pank, wani irin kiɗan Turawa mai hayaniya, ta watse, wata uku kacal da farawa. Kin san kunyata, sai na juya wa mutane baya nake iya waƙa. Rahila mai jita ta sha cewa hakan yana burge ta. Amma ranar bikin makaranta ta ƙwace makirufo, ta ce, "Khalas, ya isa haka, Asabe, ba ƙeyarki aka zo kallo ba." Ta rera waƙar da na rubuta miki, ta cire sunanki. Sauran suka ci gaba da kiɗa, ni kuma ban koma ba.

Ki taya ni addu'a, har yanzu na kasa gaishe ta. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Asabe